Rasidin asibiti dalla-dalla: Nawa zai ci wa gwamnati, nawa rashinsa ke ci mana?

A wannan mako za mu tsaya ne a kan wata 'yar takarda da kusan kowane gida ya taɓa riƙewa, wato wadda ake miƙo wa mai jinya ta tagar kashiya ranar da za a sallami mara lafiyarsa.

Mun san kamanninta. Sunan majinyaci a sama, kwanan wata a gefe, sai adadi guda ɗaya tak a ƙasa, a ce misali Naira 180,000, da hatimin asibiti. Babu bayanin nawa ne kuɗin gado, nawa ne na tiyata, leda nawa ta ƙarin ruwa aka ɗaura, allura nawa aka yi, ko kuma ina kuɗin kafin alƙalamin da aka karɓa daren da aka kawo shi ya shiga. Magidanci ya juya takardar gaba da baya, ya dubi matarsa da ke kan gado, ya haɗiye tambayarsa, domin yana tsoron kada a ce ya raina masu ceton rai. Daga nan sai ya nufi kasuwar dabbobi da tunkiyar gida, ko ya miƙe a masallaci bayan sallar Isha'i da takardar a hannu.

Duk lokacin da aka ce a tilasta wa asibitoci su riƙa bayar da lissafi dalla-dalla, akwai amsar da ake ji daga masu riƙe da lalitar gwamnati, kuma amsa ce mai nauyi. Sukan ce kafa doka abu ne mai sauƙi, tsare ta ne mai tsada. Sai an ɗauki sufetoci, an saya musu mota da mai, an buɗe ofishin karɓar ƙorafi, an biya lauyoyi, alhali akwai asibitin karkara da ba shi da ko ungozoma ɗaya. Mu a wannan fili ba mu ɗauki wannan magana da wasa ba, domin dukiyar baitulmali amana ce, kuma kashe ta a inda ba ta da amfani almubazzaranci ne. Amma muna ganin an yi rabin lissafi an bar rabi. Ra'ayinmu shi ne, tsare wannan haƙƙi wajibi ne a kan hukuma, yana da hanya mai araha da hanya mai tsada, kuma wasu sun riga mu bin mai tsadar, har mun ga inda ta kai su.

Abin da shari'a ta shimfiɗa

Aikin likita sana'a ce halaltacciya, ladanta kuma halal ne. Ya tabbata a cikin Buhari da Muslim cewa an yi wa Manzon Allah (SAW) ƙaho, ya kuma biya wanda ya yi masa. Ɗaliban da suka karanta Risala ta Ibn Abi Zaid za su tuna cewa a babin ciniki an halatta yin jinga da likita a kan warkewa. Saboda haka babu mai cewa likita ya yi aiki kyauta. Sai dai malaman fiƙihu sun sanya aikinsa a babin ijara, kuma daga cikin sharuɗɗan ingancin ijara akwai sanin lada da sanin aikin da za a yi. Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira, wato cinikin da ɗaya daga cikin ɓangarori biyu bai san abin da yake saye ko abin da zai biya ba. Bahaushe ya taƙaita wannan babi da cewa ba a cinikin biri a sama. Haka kuma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma mafi yawan lissafin asibiti bashi ne, tunda ana yin aikin kafin a kammala biya.

Malamai ba su ƙuntata ba. Sun ce ana yafe ɗan ƙaramin garari da ba a iya kauce masa, suka buga misali da mai shiga gidan wanka a kan kuɗi ƙayyadadde, alhali wani ya fi wani zubar da ruwa. Sun kuma ce idan aka yi aiki ba tare da an yanka lada ba, to ana komawa ga ladan da aka saba biyan irin wannan aiki a garin. Wannan ya warware matsalar gaggawa. Wanda aka kawo a sume babu damar a yi ciniki da shi, amma idan ya farfaɗo yana da haƙƙin a nuna masa abin da aka yi masa ɗaya bayan ɗaya, domin ta haka ne kawai za a gane ko an caje shi daidai da al'ada.

Akwai wani bambanci da ya kamata mu riƙe. Lokacin da kaya suka yi tsada a Madina, sahabbai sun nemi Annabi (SAW) ya yanka farashi, bai yi ba, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito daga Anas. Amma shi ne kuma ya shiga kasuwa, ya cusa hannunsa cikin tarin abinci, ya tarar da jiƙaƙƙe a ƙasa, ya tsawata wa mai shi a kan algus. Yanka farashi mas'ala ce da malamai suka yi saɓani a kanta. Hana ɓoye abin da ake sayarwa kuwa babu saɓani a cikinsa. Abin da muke kira gare shi na biyun ne: kowane asibiti ya sa farashin da yake ganin zai fitar da shi, amma ya faɗa, ya kuma rubuta.

Tsare wannan a tarihinmu aikin muhtasibi ne. Al-Mawardi, wanda ya rasu a shekarar 1058, ya ambaci likitoci cikin waɗanda muhtasibi ke lura da aikinsu, ya kuma bayyana cewa muhtasibi yana cin albashi daga baitulmali. A shekarar 931, bayan wani mara lafiya ya rasu a Bagadaza saboda kuskuren likita, Halifa Al-Muƙtadir ya ba da umarnin kada kowa ya sake yin magani sai wanda Sinan bin Sabit ya jarraba, aka kuwa jarraba likitoci sama da 860. Ibn al-Ukhuwwa, malamin Masar da ya rasu a 1329, ya rubuta a littafinsa na hisba cewa likita ya riƙa rubuta maganin da ya bayar kowace rana, ya bar wa dangin mara lafiya kwafi, domin idan rai ya yi halinsa su kai takardun gaban babban likitan gari ya duba. Maganarsa a kan magani take, ba a kan kuɗi ba, amma tushen ɗaya ne: takarda a hannun mai rauni ita ce hujjarsa. Magabata sun ɗauki kuɗin wannan sa ido a matsayin wani ɓangare na kuɗin tafiyar da mulki, kamar albashin alƙali.

Darasi daga Amurka

Ƙasar da ta fi kowa shan wahalar wannan al'amari a zamaninmu ita ce Amurka, inda lissafin asibiti ya zama wani ilimi mai zaman kansa, mai lambobi dubbai da ba kowa ke gane su ba. Ta gwada hanyoyi biyu a shekaru biyu a jere, kuma kowace na da abin koya mana.

Ta farko ita ce dokar bayyana farashi, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2021. An wajabta wa kowane asibiti ya wallafa farashinsa a intanet, ya kuma fitar da ayyuka 300 da mutum kan iya shirya musu tun da wuri, cikin sigar da kowa zai fahimta. Ƙungiyar asibitocin ƙasar ta kai ƙara kotu, ta sha kaye. Hukumar CMS mai kula da lamarin ta ƙiyasta cewa bin dokar zai ci wa kowane asibiti kimanin dala 12,000 a shekarar farko, abin da bai taka kara ya karya ba ga cibiyoyin da ke juya miliyoyi. Amma da yake tarar da aka sa dala 300 ce kacal a rana, asibitoci da yawa sun ga biyan tara ya fi musu sauƙi a kan tona farashinsu. Sai a 2022 aka ɗaga ta, har takan kai dala 5,500 a rana ga manyan asibitoci, wato wajen dala miliyan 2 a shekara. Ba a ci kowa tara ba sai a watan Yunin 2022, wata 17 bayan fara aikin dokar, lokacin da aka ci wasu asibitoci biyu na jihar Jojiya sama da dala miliyan 1. A 2024 ofishin babban sufeton ma'aikatar lafiya ya binciki asibitoci 100, ya tarar 37 ba su cika sharuɗɗan ba. Darasin a fili yake: umarnin bayyana farashi ba shi da tsada, amma idan babu mai dubawa kuma hukuncin ba ya ciwo, ado ne kawai.

Hanya ta biyu ita ce dokar hana lissafin ba-zata, wadda majalisa ta zartar a Disambar 2020, ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2022. Majalisar ta ware dala miliyan 500 domin aiwatar da ita. A cikinta akwai wani sashe mai sauƙi da kyau: wanda ba shi da inshora yana da haƙƙin a ba shi ƙiyasin kuɗi a rubuce kafin a yi masa aiki, kuma idan lissafin ƙarshe ya zarce ƙiyasin da dala 400 ko fiye, yana iya ƙalubalantarsa da kuɗin rajista dala 25. Akwai kuma sashe mai nauyi, wanda ya kafa tsarin sulhu tsakanin likitoci da kamfanonin inshora a kan nawa za a biya. Gwamnati ta yi hasashen ƙararraki kusan 22,000 a shekara. Daga Afrilun 2022 zuwa Maris ɗin 2023 an shigar da sama da 330,000. Aiki ya yi wa ma'aikata katutu, aka ɗaga kuɗin shigar da ƙara daga dala 50 zuwa 350, kotu ta soke ƙarin a Agustan 2023, daga baya aka tsayar da shi a dala 115.

Abin lura shi ne inda tsadar ta fito. Ba takardar da aka miƙa wa majinyaci ce ta cinye kuɗin ba. Abin da ya ci kuɗi shi ne gwamnati ta zauna a tsakiyar manyan 'yan kasuwa biyu tana raba musu faɗa a kan kowane lissafi, kowannensu da rundunar lauyoyinsa. Duk wanda ya kawo mana alƙaluman Amurka domin ya tsoratar da mu daga neman rasidi, ya haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne.

Indiya, inda 'yan'uwanmu da yawa ke zuwa neman magani, ta sa a ƙa'idojinta na 2012 cewa kowace cibiyar lafiya ta kafa farashinta a wurin da kowa zai gani, da harshen yankin da kuma Turanci. A 2024 sai da Kotun Ƙolin ƙasar ta tsawata wa gwamnati a kan jan ƙafa wajen aiwatar da ƙa'idojin farashin asibiti. Nan ma dai ba rubutun doka ne ya yi ƙaranci ba.

Halin da muke ciki

A Najeriya ba sabuwar doka muke jira ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya sanar da majinyaci hanyoyin maganin da ke akwai, da amfaninsu da haɗarinsu da kuɗinsu, ta kuma haramta ƙin karɓar wanda ke cikin halin gaggawa, da tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida. A watan Yulin 2018 Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da Kundin Haƙƙoƙin Majinyata, wanda ya ƙunshi haƙƙin samun lissafi bayyananne da sanin duk kuɗin da za a caji mutum. Dokar gasa da kare masu saye, wadda ta haifi hukumar FCCPC a 2019, ta wajabta bayyana farashi da bayar da rubutacciyar shaidar ciniki. A 2022 kuma aka sa hannu a dokar NHIA da ta mayar da inshorar lafiya tilas. A matakin jiha, Legas na da HEFAMAA, Kano na da PHIMA mai kula da asibitoci masu zaman kansu, sauran jihohi kuma suna da sassan ba da lasisi a ma'aikatun lafiyarsu.

Ke nan albashin masu sa ido muna biyansa tun tuni. Tambayar ita ce ko cikin abin da suke dubawa akwai rasidi.

Sannan mu dubi ɗaya rabin lissafin. Sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun jama'a yake fita kai tsaye. A Amurka kamfanin inshora ne yawanci ke tsayawa ya yi gardama da asibiti. A nan kuwa magidanci ne shi kaɗai a gaban taga, ba shi da akanta, ba shi da lauya. Rashin rasidi yana cin kuɗi kowace rana, sai dai ba a ganinsa a kasafin gwamnati domin talaka ne ke biya. Yana biya idan aka rubuta maganin da ba a ba shi ba, ko aka lissafa kwanan da bai yi ba, ko ragowar kafin alƙalaminsa ya bi iska. Yana biya idan tsoron abin da bai sani ba ya hana shi kai ɗansa asibiti har zazzaɓin kwana biyu ya zama na suma.

Gwamnati ita ma tana biya. Asibitinta da ke karɓar kuɗi ba tare da takamaiman lissafi ba ƙofa ce ta yoyo, domin abin da ba a rubuta ba ba a iya bin sawunsa. Hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, waɗanda ake yankar albashin ma'aikata ana zuba musu, ba su da yadda za su tantance abin da asibitoci ke nema daga gare su idan babu lissafi mai tsari ɗaya. Wanda bai san nawa ake kashewa a kan haihuwa ɗaya ba, yaya zai tsara inshorar mutum miliyan goma?

Akwai kuma wata hasara da ta shafe mu kai tsaye, wato ta sadaka. Masallatanmu da hukumomin zakka da zaurukan WhatsApp na dangi su ne inshorar talaka ta haƙiƙa. Mai bayarwa yana so ya san abin da yake biya. Idan takardar asibiti adadi ɗaya ce da kowa zai iya rubutawa ya buga mata hatimi, mayaudari ya samu hanya, kuma idan aka cuci mutane sau ɗaya ko biyu, hannuwa sukan janye, mabuƙaci na gaskiya ya kwana a ciki.

Adalci ga asibitoci

Ba za mu zama masu adalci ba idan muka yi kamar duk likita macuci ne. Mafi yawansu suna aiki cikin ƙunci. Tun bayan cire tallafin mai da sakin darajar Naira a 2023, kuɗin dizal da na magani da na kayan aikin da ake shigowa da su sun yi tashin gwauron zabo, abokan aikinsu kuma suna ta ficewa ƙasashen waje. Ƙaramin asibiti mai gado goma a bayan gari ba zai iya sayen manhaja mai tsada ko ɗaukar sabon akanta ba, kuma duk nauyin da aka ɗora masa, a ƙarshe kan majinyaci zai sauke shi. Dokar da za ta rufe irin waɗannan wurare ta cutar da waɗanda take son karewa.

Akwai wani haɗarin kuma. Idan aka ce sai an rubuta komai, wasu kan mayar da hakan sana'a, su farfasa aiki ɗaya gida goma, safar hannu da kuɗinta, auduga da kuɗinta, har jimillar ta fi ta da. Don haka ba mu ga laifin farashin dunƙule ba a ayyukan da aka saba, kamar haihuwa ko tiyatar ƙaba, matuƙar an faɗa tun farko abin da ya ƙunsa da abin da bai ƙunsa ba. Wannan ya yi daidai da ɗan gararin da malamai suka yafe.

Rasidi dalla-dalla kariya ce ga likitan kirki ma. Mutum nawa ne suka fita daga asibiti suna zargin an zalunce su, alhali da sun ga kuɗin iskar numfashi da na jini da na maganin kashe zafi a rubuce, da sun yi godiya? Zato yakan yi ƙiba ne a inda babu bayani. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Hanya mai araha

Abin da muke ba hukumomi shawara ba ya buƙatar sabuwar ma'aikata, kuma muna roƙon kada a ƙirƙiro ta, domin sabuwar hukuma na nufin sabon shugaba da jerin motoci da hayar ofis kafin a duba rasidi ko ɗaya.

Na farko, ma'aikatar lafiya ta kowace jiha ta fitar da samfurin rasidi mai shafi ɗaya, mai layuka kaɗan: kati da ganin likita, gado da adadin kwana, awo da hoto, magani da sunansa da yawansa, tiyata, jini da iska, kafin alƙalamin da aka karɓa, sai abin da ya rage. Mai kwamfuta ya buga, marar ita ya cike da biro a littafi mai kwafi biyu. Kuɗin wannan bai wuce na buga littafin rasidin da asibitin ke bugawa dama ba.

Na biyu, a wajabta kafa allon farashin ayyukan da aka fi nema a bakin ƙofa, da Turanci da Hausar boko da ajami, ko harshen da ya fi yawa a yankin. Wanda za a yi wa aikin da ba na gaggawa ba a ba shi ƙiyasi a rubuce, kuma idan za a zarce shi da yawa a sanar da waliyyinsa kafin a yi, ba ranar sallama ba.

Na uku, a ɗaura wannan a kan sabunta lasisi. Sufeton da dama zai je duba tsafta da takardun ma'aikata ya zaro rasidi goma daga littafi, ya gwada su da fayil ɗin majinyatan. Mu yi ɗan lissafi: jami'in da ke ziyartar wuri biyu a rana, kwana 200 a shekara, ya zagaya wurare 400. Mutum biyar sun isa su leƙa wurare 2,000. Ba sai an duba kowace takarda ba, ya isa kowane asibiti ya san ana iya zuwa masa kowace rana.

Na huɗu, a samar da lambar waya ɗaya ta ƙorafi, a rubuta ta a ƙasan kowane rasidi, a sa wa'adin amsa. Aikin mai karɓar ƙorafin ya tsaya a kan tambaya uku: an ba da rasidi, abin da aka rubuta an yi shi, kuma farashin ya dace da na allo? Kada ya shiga gardamar ko tiyata ta cancanci kaza, domin nan ne ramin da Amurka ta faɗa.

Na biyar, hukuncin ya bi girman asibiti da yawan gadajensa, ya fara da gargaɗi, sai tara, sai bayyana suna, sai dakatar da lasisi. Albashin sufeto ya fito daga kasafin gwamnati, kamar yadda magabata suka tsara wa muhtasibi. Kada a ce ya ci daga tarar da ya tara, kada kuma asibitin da yake dubawa ya ba shi kuɗin mai. Mai sa idon da abincinsa ke hannun wanda yake dubawa, ko dai ya zama ɗan amshin shata ko ya zama mai karɓar na goro, kuma duka biyun sun fi rashinsa muni.

Na shida, gwamnati ta fara da kanta. Ba daidai ba ne ta ci asibitin kuɗi tara a kan abin da babban asibitinta ba ya yi. Shugabannin Afirka sun yi alƙawari a Abuja a 2001 cewa za su ware wa lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafinsu, kuma Gwamnatin Tarayya ba ta taɓa cika shi ba. Wanda bai iya ba talaka magani kyauta ba, mafi ƙarancin abin da zai yi masa shi ne ya tabbatar ya san abin da ya biya.

Namu nauyin

Hukuma ba za ta tsaya a kowace taga ba. Magidanci ya saba da tambaya cikin ladabi: "Likita, don Allah nawa ake tsammanin wannan aiki zai ci, kuma me ya ƙunsa?" Tambaya ce ta haƙƙi, ba raini a cikinta, kuma ba ta saɓa wa tawakkali. A nemi rasidin kowane kuɗi da aka biya, a adana shi, ko a ɗauki hotonsa da waya. Ɗalibanmu, musamman masu karatun likitanci da jinya da haɗa magunguna da akanta, ku raka iyayenku da maƙwabtanku ku karanta musu takarda, kuma idan kun kama aiki gobe ku tuna da fuskar wanda ke bayan taga. Kwamitocin masallatai da na zakka su riƙa neman lissafi dalla-dalla kafin su biya, su kuma biya asibitin kai tsaye. Asibitin da ya ƙi kulawa da mutum ɗaya ba zai ƙi kulawa da kwamitin da ke kawo masa majinyata hamsin a shekara ba.

Idan kuwa aka ba mu lissafi na gaskiya, to biyansa ya zama wajibi a kanmu. Jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne, kamar yadda ya zo a hadisi, kuma wanda ya sulale daga asibiti da dare ya tauye haƙƙin likita da na majinyacin da zai zo bayansa. Wanda kuma ya kasa da gaske, shari'a ta yi umarni a saurara masa, ba a tsare shi a kan gado ko a hana dangi gawar mamacinsu ba.

Masu cewa babu kuɗin tsare wannan haƙƙi muna roƙon su kawo lissafinsu a fili, su ma dalla-dalla: littafin rasidi nawa, sufeto nawa, layin waya nawa. Sannan su ajiye shi kusa da abin da gidajenmu ke asara a kowace shekara, jama'a su yi hukunci. Mun amince hukuma ta biya mai duba mudu da sikeli a kasuwar hatsi, inda mai saye ke tsaye da ƙafafunsa yana iya wucewa rumfa ta gaba. Wanda ke kwance, ba ya iya tayawa, ba ya iya tashi, shi ya fi cancanta a tsare masa awonsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sanya albarka a hannun masu yi musu magani, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana. Wassalamu alaikum warahmatullah.